Shaidar da Yaya Ya Yi wa Badamagare

Ina cikin takaba aka yi shelar korar baƙi. Maigidana ya rasu da bazara, shekarar da sanƙarau ya ratsa ƙauyukanmu, ya bar ni da yara uku da gona guda da jaki. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa suna kuka, ni kuwa ina zaune a kan tabarma ina amsawa da "amin, amin," idona a bushe ƙamas. Har wata gwaggona ta ja ni gefe ta ce in daure in matso ko ɗan hawaye ne saboda bakin mutane. Na gwada, bai zo ba. Kada wani ya yaba mini, ba dauriya ba ce. Abin da ake jin zafi da shi ne kawai ya ɗauke mini, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. In an miƙo mini tuwo in ci, in an manta ba na tambaya.

Shekarun ma ba su bar wa kowa sararin dogon makoki ba. Damina ta yi ta yi mana gardama, ruwa ya ɗauke gero yana fid da kai, sai a tsaya ana kallonsa yana ƙonewa a tsaye. Rumbuna suka zama wurin kwanan kaji. Garin rogo da muke yi wa mutanen kudu dariya a kansa, shi muka koma jiƙawa, a haɗa da tafasa ko rama a kira shi abinci. Ga shi mu a nan gonakinmu manne suke da juna, daga bayan katangar wannan gida sai gonar wancan, babu daji, babu saurar da za a bari ta huta. Ƙasar ta gaji tun zamanin kakanni. Wanda bai kai mata taki ba, ko ruwan ya zo ba abin da za ta ba shi. Don haka a kowane gida akwai hannun da ake rayuwa a kansa, mai kwashe turke da rani, mai bin jaki da mangala safe da yamma.

A gidanmu wannan hannun na Badamagare ne. Haka kowa yake kiransa, shi ma haka yake amsawa. Ya zo cin rani daga wani ƙauye can bayan Damagaram tun ina goyon ɗana na fari, bayan fari ya cinye masa awaki da raƙuminsa ɗaya. Ya fara da sayar da ruwa a Ɗanbatta. Maigidana ya gan shi ranar kasuwa, ya ɗauko shi ya taya shi kai taki na 'yan kwanaki, 'yan kwanakin ne ba su ƙare ba. Aka gyara masa ɗakin da ke jikin zaure, aka yanka masa gayauna a gefen gonarmu, ɗan fegin da yake nomawa don kansa da yamma in an tashi daga aikin gandu. Abin da ya samu a wurin ko zangarniya ba ya taɓawa. Sai ya sussuke ya ɗinke a buhu, ya ba direbobin da ke bi ta iyaka su kai wa tsohuwarsa da 'ya'yansa mata biyu da matarsa ta rasu ta bari. Garin nasu, in ji shi, rijiya ta ƙafe, ba wanda ya saura sai tsofaffi da waɗanda ba su da ƙafar tafiya. Buhun nan shi ne abincinsu.

Tsakaninsa da maigidana sai wasa, irin na Bakano da Badamagare. Da sassafe za ka ji maigidana a bakin zaure yana cewa, "Ina bawan nan nawa? Rana ta fito yana barci?"

Shi kuma daga cikin ɗaki ya amsa, "Ai bawa ne yake zuwa tashin ubangidansa, ga shi kuwa ka zo."

Haka za su tafi gona suna yi, ɗaya da fartanya, ɗaya da doguwar hauyarsa ta mutanen arewa da ake noma da ita a tsaye, wadda maigidana yake cewa ta ragwaye ce masu tsoron sunkuyo. Amma ban taɓa ji ba, ko da wasa, an ce da shi ɗan ƙwadago. Bawa dai a faɗa a yi dariya, kowa ya san ba haka ba ne. Ɗan ƙwadago kuwa a wajenmu shi ne wanda za ka ɗauka da safe a bakin kasuwa, ku yi ciniki kamar na akuya, da yamma ka sallame shi ba ka san inda zai kwana ba. Wanda ya sa hannu a akushi ɗaya da kai, ya ɗauki ɗanka a wuya, ba a kiransa haka sai in cin mutuncinsa aka yi niyya. Hakkinsa kuwa ana ba shi sarai. Da kaka maigidana zai ware masa dammunansa na dawa. In an sayar da gyaɗa ya ƙulle masa nasa a tsumma ya tura ƙarƙashin tabarmarsa, ba mai cewa uffan, wanda ya ajiye bai ajiye ba, wanda ya ɗauka bai ɗauka ba. Da salla a ɗinka musu yadi iri ɗaya. Da ya kwanta da ciwon haƙarƙari, maigidana ne ya goya shi a keke har asibiti. Duk ana yi, faɗa ne kawai ba a yi.

Mai shela ya bi unguwa-unguwa da yamma. Bayanin dalla-dalla kuwa a rediyon marigayi na ji shi, wadda nake kunnawa don kawai a ji motsi a ɗakin. Duk baƙon da ba ɗan ƙasa ba ya tattara ya koma ƙasarsu. Sai fa wanda yake da tsayayyen aiki, kuma wanda ya ɗauke shi ya fito gaban hukuma ya shaida cewa ma'aikacinsa ne: yana biyansa, yana ba shi wurin kwana, ba ya dukansa, ba ya riƙe masa kaya, in ya yi ciwo yana nema masa magani. In an gamsu sai a ba mai gidan takardar izini, baƙon ya zauna a ƙarƙashinta. Mai bayanin ya ce an yi haka ne don a kare baƙin daga masu cin guminsu. Na ce a raina, to wannan ai mu aka rubuta wa. Babu abu ɗaya cikin abin da aka lissafa da ba ma yi.

Akwai wani Alhaji mai noman rani ta wajen Bagwai, yana da baƙi birjik suna kwana a rumfar kara, kowa ya san sai ya ga dama yake sallamarsu, wani lokacin ma da zagi. Shi ya fara karɓar takarda a yankinmu. Matan da ke shigo mini gaisuwa suka ce jera su ya yi, ya nuna su da sanda ya ce leburorinsa ne, nan take aka buga masa hatimi. Kalmar ba ta yi masa nauyi a baki ba, shi ya sa ba ta ba shi wahala ba.

Ni kuwa ga ni a takaba, ba kwalli, ba lalle, ba fita. Ko da ma ba takabar, ba a saba mace ta fito ta zauna a gaban hukuma a ƙofar gida ba alhali akwai namiji babba a dangi. Wanda zai tsaya a madadina shi ne wan maigidana, wanda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa. Yaya muke ce masa, manya da yara, har Badamagare. Dattijo ne na ƙwarai, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Amma kunya ta yi masa yawa har ta zama ciwo. Mutum ne da in ya je karɓo gatarinsa da aka ara, sai ya zauna ya yi ta gaisuwa, ya tambayi yara, ya tambayi ruwa, ya tashi ya dawo gida bai ambaci gatari ba.

Ni na yi firamare har aji na ƙarshe kafin a yi mini aure, na ɗan san yadda hukuma take son a yi mata magana. In ta tambaye ka fari ne ko baƙi, kada ka ce mata wankan tarwaɗa. Don haka na aika aka kira mini Yaya. Ya tsaya a tsakar gida, ni ina daga cikin ɗaki bayan asabari.

Na ce, "Yaya, in mutanen nan sun zo, Badamagare ma'aikacinmu ne. Haka za ka ce musu."

Ya ce, "To, to. Allah ya kai mu."

"Amin. Amma ka ce muna biyansa."

Ina jin yana gyara tsayuwa, yana taka ƙasa da takalminsa. Can ya ce, "Yanzu fisabilillahi a gaban mutane in ce biyansa muke? Mutumin da ya haƙa kabarin ƙanena da hannunsa, ya ƙi bari kowa ya karɓe shi?"

"A gaban mutanen ake so, Yaya. In ba a faɗa ba, mota za su sa shi."

"Na ji," in ji shi.

Na san "na ji" ɗin Yaya. Da ina cikin hayyacina da na sake kiransa washegari, da na sa an kira mai unguwa na faɗa masa da bakina. Amma a lokacin komai daga nesa nake hango shi, har abin da ya shafi cikin 'ya'yana. Na faɗa sau ɗaya, na ga kamar na sauke, na koma na zauna.

Shi kuwa Badamagare bai fasa komai ba. Ruwan shuka ya sauka, ya fita da sungumi shi kaɗai, babbar 'yar Yaya tana bin sa da ƙwaryar iri. Ya shuke gandu, ya shuke gayaunarsa. Tun da aka yi rasuwar ya daina wasa, ba wanda zai yi da shi. Da safe zai tsaya a ƙofar zaure ta ciki ya ce, "Uwar ɗakina, an tashi lafiya? Ya ƙarin haƙuri?" In amsa, ya faɗi inda zai yi aiki yau, ya tafi. Baƙin unguwarmu kuwa suka fara raguwa. Masu sayar da ruwa suka tafi, mai gyaran takalmin bakin masallaci ya tafi, wasu da ƙafa suka nufi iyaka ba su jira mota ba.

Da hantsi mutanen hukuma suka zo. Tun daga ɗaki na ji ƙarar babbar mota ta tsaya a filin makaranta, sannan na ji muryar mai unguwa yana sallama a ƙofar gidanmu. Na tashi na yafa tsohon mayafina, na je na tsaya a bayan ƙyauren zaure na ciki. Ta tsagar ƙyauren ina ganin rabin wurin. Yaya ya shimfiɗa tabarmarsa ta baƙi, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, har da ɗan goro a faranti, a shekarar da goro ya gagari mutane. Ma'aikatan hukumar su biyu ne. Mai rubutun matashi ne, leɓɓansa sun bushe, da gani ya gaji da yawon gida-gida. Ba mugu ba ne, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Kafin a gama gaisawa wuri ya cika. A garinmu in ka yi tari maƙwabci zai ce maka sannu, balle mota ta tsaya. Masu dawowa daga gona suka tsaya da fartanyu a kafaɗa, tsofaffin bakin masallaci suka matso. Aka kirawo Badamagare daga turke, ya zo ya rakuɓe a jikin bango, ƙafafunsa duk taki.

Mai rubutun ya ce, "Baba, kai ne mai gidan?"

Yaya ya ce, "Ƙanena ne mai gidan, Allah ya yi masa rasuwa. Ni ne a madadinsa."

"Allah ya ji ƙansa. Wannan mutumin ma'aikacinku ne?"

Na ga Yaya ya dubi Badamagare, ya dubi jama'a, ya sunkuyar da kai yana murza bakin rigarsa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ai ɗan gida ne."

"Na ji, Baba. Amma aiki yake yi muku? Kuna biyansa lada?"

"Subhanallahi. Lada kuma? Tsakaninmu da shi babu wannan. Ɗan'uwanmu ne. Yadda marigayi yake a wurina, haka shi ma yake. Abin da muka ci shi yake ci."

Sai wurin ya ɗauka. "Madalla." "Dattijo ke nan." "Allah ya yi albarka, haka ake so." Wani tsoho har da share ido. Na ga kafaɗun Yaya sun ɗan miƙe.

Mai rubutun ya ajiye alƙalaminsa a kan gwiwa. Ya rage murya, kamar mai lallashin yaro ya sha magani. Ya ce, "Baba, ka fahimce ni. Takardar nan ta ma'aikaci ce da wanda ya ɗauke shi aiki. Ba ni da gurbin ɗan'uwa a cikinta. In ɗan'uwa ne da ya zo ya zauna, to baƙo ne, yana cikin masu tafiya. In kuwa ma'aikaci ne, ka faɗa in rubuta, mu wuce gida na gaba."

Yaya ya yi murmushi, irin na babba da ya ga yaro ya ruɗe. Ya ce, "Haba ɗana. In har lebura zai zauna, ai ɗan'uwa ya fi shi cancantar zama. Ka rubuta ɗan'uwa, manyanku za su gane."

Wallahi da gaske yake. A lissafinsa ya ɗaga Badamagare ne zuwa matsayin da ba mai iya taɓa shi. Kuma ya riga ya faɗa a gaban mutane an sa masa albarka, ba ta inda zai juya ya ce a'a, ɗazu ƙarya na yi, ɗan ƙwadago ne.

Sai na ji murya ta fito daga bakina. Ba ihu na yi ba, ba kuka ba. Yadda zan ce a miƙo mini gishiri haka ta fito. Na ce, "Muna biyansa. Duk kaka ana ba shi dawa, ana ba shi kuɗin gyaɗa. Ma'aikacinmu ne."

Kowa ya juyo yana kallon ƙyauren. Mace mai takaba, muryarta a waje, a kunnen baƙin maza, kuma tana ƙaryata wan mijinta. Wani ya ce, "Ashsha." Mai unguwa ya kau da kai yana kallon bishiya.

Yaya bai yi fushi ba, da ma ya yi. Cikin tausayi ya ce, "Ku yi mata uzuri. Matar marigayin ce, takaba take. Tun da aka yi rasuwar nan ba ta dawo daidai ba."

Abin haushin, wannan ma gaskiya ya faɗa.

Mai rubutun ya dubi ƙyauren da nake bayansa, ya dubi Yaya. Na tabbata ya gane komai, hanya yake nema. Sai ya juya wajen Badamagare ya ce, "Malam, kai za ka raba gardamar nan. Ana biyanka ko ba a biyanka? Kai ma'aikacinsu ne? Kalma ɗaya nake so daga bakinka."

Daga inda nake ba na ganin fuskar Badamagare sosai, hannunsa nake gani, yana kankare busasshen taki daga yatsunsa. Jaki ya yi kuka a turke. Kowa ya zuba masa ido, Yaya ma ya juyo yana kallonsa, fuskarsa a sake, ba ya shakkar komai.

Badamagare ya ce, "Yadda Yaya ya faɗa, haka ne."

Mai rubutun ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauki alƙalami ya rubuta abin da zai rubuta. Ya ce Badamagare ya haɗa kayansa, mota za ta tashi daga filin makaranta bayan la'asar. Sai a lokacin Yaya ya miƙe yana cewa, "A'a, tsaya, ɗana, ban gane ba." Ya bi su har gida na gaba yana bayani, yana maimaita musu cewa ɗan'uwa ne fa, ɗan'uwa. Bai taɓa canja kalmar ba har suka bar unguwar.

Na koma ɗaki na zauna. Na tsinci kaina ina tsince tsakuwa a cikin ɗan geron da ya rage, na daka, na ƙulle garin a leda da ɗan ƙuli-ƙuli. Hannuna ne yake yi, ni ina kallo.

Bayan azahar Badamagare ya zo ƙofar zaure ta ciki ya yi sallama kamar kullum. Na fito na tsaya a bayan ƙyaure. Ya ce kusurwar gabas ta gandu shuka ba ta fito ba, ɓera ya tone, a sake ta kafin ƙasa ta bushe. Ya ce bayan jakin ya yi miki, kada a ɗora masa mangala sai ya warke. Ya ce akwai sauran taki a bayan ɗakinsa, na wake ne, kada yara su watsar. Yana ta jero su, ina cewa to.

Da ya gama na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba? Kalma ɗaya ya ce maka."

Ya ce, "Uwar ɗakina, tun da na baro gida, duk inda na shiga sunana mai ruwa, ko kai, ko lebura. Yau dattijo ya tashi a gaban hukuma da jama'a ya ce ni ɗan'uwansa ne. Sai in buɗe baki in ce ƙarya yake yi?"

"To 'ya'yanka fa? Ɗan'uwantakar za su ci?"

Ya ce, "Wannan kuma ban sani ba."

Na tura masa ƙullin ta ƙarƙashin ƙyaure. Ya ce Allah ya raya marayu, in yafe masa. Na ce bai yi mini komai ba. Yaya ya tuɓe babbar rigar da ke jikinsa ya sa masa da hannunsa yana kuka wiwi, ya raka shi har filin makaranta. Bayan la'asar na ji motar ta tashi. Na saurari ƙararta har ta ɓace, sannan na tashi na hura wuta, don yara ba su ci komai ba tun safe.

Ciyawa ba ta san an yi rasuwa ko an kori wani ba. Yaya ya kira gayya sau ɗaya, mutane suka zo don kunyarsa, amma kowa da tasa gonar da tasa yunwar. Gandunmu rabi aka nome, rabi ya tafi a ciyawa. Gayaunar Badamagare kuwa Yaya da kansa ya nome ta, da tsufansa da ciwon bayansa, ya hana kowa taɓawa. Ya ce amana ce.

Da na fita takaba na shiga motar Ɗanbatta, na nemi ofishin, na ce na zo in shaida ma'aikacina. Suka karɓe ni da mutunci, suka ba ni kujera. Suka tambaya ina ma'aikacin. Na ce an tafi da shi. Suka ce ba a ba da izini a kan wanda ba ya nan, in ya dawo in zo da shi. Na ce ta ina zai dawo, iyaka a rufe? Suka ce wannan kuma ba a ofishinsu yake ba. Na yi godiya na fito. Na sayi gishiri da daddawa tun da na riga na shigo gari.

Da kaka gayaunar ta ba da abin da ta ba da. Yaya ya sussuke ya ɗinke, ya ba wani direba da ya san ɓarauniyar hanya. Bayan wani lokaci direban ya dawo da buhun yadda aka ba shi. Ya ce ya sami ƙauyen, amma ba kowa a ciki, ɗakuna a buɗe, rairayi ya shiga har tsakar gidaje. Ya tambaya a garin da ke kusa, wasu suka ce mutanen sun yi yamma, wasu suka ce sansanin rabon abinci suka tafi. Ba wanda ya san mutum ɗaya da tsohuwa da yara mata biyu. Buhun ya zauna a zauren Yaya har bazara ta sake zagayowa. Sannan muka kwance shi muka cinye, gidansa da gidana. Yunwa ake yi.

Ban sake jin labarin Badamagare ba. Na daɗe ina jin haushinsa fiye da na Yaya, in ma abin da nake ji ya kai a kira shi haushi. Yaya dai bai gane ba, shi kuwa ya gane sarai, ya zaɓa. Ina cewa a raina wane irin uba ne zai sayar da abincin 'ya'yansa don kada dattijo ya ji kunya na ɗan lokaci.

Shi kuwa Yaya labarin ya zama abin da ya fi so ya bayar. Da shekaru suka tura, yadda yake ba da shi ya gyaru: hukuma ta zo ta matsa masa ya wulaƙanta mutum, ya ƙi. Samari suna zama su saurara, ana nuna gidanmu ana cewa gidan mutunci.

Ranar sunan jikata ta fari, Yaya ya tsufa tukuf, idonsa ya kusa tafiya, an zaunar da shi a zaure cikin surukai da baƙi daga Shanono. Na zo wucewa da ƙwaryar fura sai na ji yana kan labarin, ya kai daidai wurin da ya ce a rubuta ɗan'uwa. Ya ji takuna ya gane ni. Ya ɗago fuskarsa, a sake, yana murmushi da bakinsa da ba haƙora.

Ya ce, "Yauwa, ga uwar yaran nan, tana bayan ƙyaure ranar, komai a kunnenta. Ko ba haka aka yi ba?"

Zauren ya juyo yana kallona. A nan abin da ya ɗauke mini tun rasuwar maigidana ya dawo gaba ɗaya, ba sallama. Na ji ina so in dire ƙwaryar in faɗa masa, a gaban surukan nasa, cewa da bakinsa ya sa mutum a mota, cewa akwai yara mata biyu da ba wanda ya san inda ƙasa ta rufe su ko ta bar su, cewa mu muka cinye abincinsu. Kalmomin suna nan a kan harshena, a jere. Na dubi tsohon, yana jira, bai taɓa shakkar abin da zan ce ba.

Na ce, "Haka aka yi, Yaya."

Na ajiye musu furar na shige ciki.